Kiran Suna

Daga maƙabarta muke dawowa ran nan, ƙafa duk ƙura, na ce wa ɗan ƙanwata da ke jan motar ya ratsa da ni ta cikin jami'a. Ba wani uzuri ne ya kai ni ba. Wanda muka rufe ɗan ajinmu ne a sakandare, shekara biyar muna benci ɗaya, kwano ɗaya, kuma zuciya ta ƙi yarda in wuce gida in sa hannu a tuwo kamar ba a yi komai ba. Muka shiga ta babbar ƙofa da ke kallon garin Samaru. Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe saman dogon ginin majalisar jami'a, ganye ya zube a gefen titi, samari da 'yan mata sai sauri suke da littattafai a hannu, kowa na gudun kada ya makara. Ni kuwa kafaɗata ba ta daina jin nauyin makara ba. A rubuce kalmar ɗaya ce, sai a ranar na lura.

Da muka zo daidai tsofaffin gine-ginen nan gajeru masu baranda, na ce ya tsaya. Na tambaye shi ko ya san wace makaranta ce a wannan fili kafin a yi Jami'ar Ahmadu Bello. Shekararsa ta uku ke nan a cikinta. Ya yi jim, sannan ya ce, "Kawu, ai na ɗauka daji ne Sardauna ya sa aka sare." Ban ga laifinsa ba. Wa ya gaya masa?

An yi makaranta a nan, ta gwamnati, da malamanta da ɗalibanta da ɗakunan kwananta da filin ƙwallonta. Sunanta Nigerian College of Arts, Science and Technology, wato kwalejin fasaha da kimiyya da ƙere-ƙere ta ƙasa. A 1952 aka kafa ta, aka yi mata rassa uku, Zariya da Ibadan da Inugu, uwar kuma ta Zariya ce. Samaru a wancan zamani ƙaramin gari ne a bakin hanyar Funtuwa. Abin da aka san shi da shi gonar gwaji ce da Ma'aikatar Gona ta buɗe a 1922, da makarantar koyon aikin gona, sai layin dogo da ya taso daga tashar Sabon Gari ya gifta ya nufi Gusau da Ƙaurar Namoda. A gefen wannan ƙaramin gari aka shata wa kwalejin fili. Yaron da ya gama sakandare yakan zo nan ya yi karatun share fagen shiga jami'a, ko ya koyi aikin injiniya, ko tsara gine-gine, ko zane da sassaƙa. A lokacin kwalejin jami'a ɗaya ce tak a duk Najeriya, ta Ibadan, saboda haka duk wanda aka ɗauka a Samaru, garinsu ya san an yi abin kai.

A 1955 aka kwaso sashen zane daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Bayan shekara uku, a 1958, wasu samari a wannan sashe suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke da abokansu. Abin da suka tsaya a kai shi ne za su karɓi dabarun da malamansu Turawa ke koya musu, amma ba za su yar da adon gidajensu da zanen kakanninsu ba, za su haɗa biyun a allo ɗaya. Daga wannan ɗan aji na Samaru zanen zamani na Najeriya ya ɗauki hanya, kuma har yau ana karanta labarinsu a makarantun zane na ƙasashen waje. Ta wannan kwaleji Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya bi kafin ya shiga soja, shi ne ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966. Theophilus Danjuma ma ya zo a 1959, bai daɗe ba ya ajiye littafi ya sa kaki.

Ana gab da samun 'yancin kai, kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa a 1960 kan yadda za a tsara ilmi mai zurfi, kowane yanki ya tashi neman jami'arsa. Reshen Inugu ya shige cikin jami'ar Nsukka. Na Ibadan ya zama harsashin jami'ar Ife. Na Samaru kuma, aka haɗa shi da makarantar koyon mulki ta Kongo, da tashar binciken gona, da gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. Gobara ba ta ci kwalejin ba, bango bai faɗi ba, ba a kori kowa ba. Allon bakin ƙofa aka sauke aka ɗora wani. Daga 1952 zuwa 1962 shekara goma ke nan. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa ta bai gama firamare ba ta ƙare.

Abin da ya tsaya mini a rai a cikin motar nan shi ne wannan. Muna yara muna ɗaukar makaranta kamar Dutsen Kufena, mun tarar da ita, za mu bar ta, tana nan. Mu ne masu wucewa, ita ce mai zama. Ga shi nan wata ta riga ɗalibanta tafiya, kuma alheri ne ya haɗiye ta, ba sharri ba, tun da abin da ya gaje ta ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Duk da haka sunanta ya fita daga bakin mutane, har ɗalibin da ke zaune a inda ta zauna yana ganin daji aka sare. Su kansu samarin nan masu zane, waɗanda suka ga bayan makarantarsu, Simon Okeke ya rasu a 1969 yana ɗan shekara talatin da kaɗan, Uche Okeke ya kai 2016, Yusuf Grillo 2021. Wani ya yi sauri, wani ya jima, hanyar dai ita ce.

Wanda aka sa wa jami'ar sunansa fa? Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, shi ya tsaya kai da fata sai da aka yi ta, shi ne uban jami'ar na farko. Daga ranar da aka buɗe ta zuwa daren 15 ga Janairu, 1966, da aka kashe shi a Kaduna, shekara uku ce da wata uku da 'yan kwanaki. Iyakar abin da ya gani ke nan na wannan shuka. Bai kai shekara sittin a duniya ba. Jami'ar yanzu ta haura sittin, ta girmi mai sunan.

Ka tsaya a bakin ƙofa wata rana ka saurari yadda ɗalibai ke yi wa juna kwatance. Wannan ta ce a Ribadu take kwana, wancan ya ce Ramat zai je, wani ya ce a haɗu a Kashim Ibrahim bayan la'asar, wani yana neman hanyar Akenzua ko Alexander. A bakinsu waɗannan wurare ne, inda ake ajiye katifa da bokiti, inda ake karatu idan jarrabawa ta matso. Amma kowane ɗaya mutum ne da ya yi numfashi, aka yi masa fadanci, aka jira shi a zaure. Muhammadu Ribadu Ministan Tsaro ne, ya rasu a watan Mayun 1965. Ramat shi ne Janar Murtala Muhammed. Sir Kashim Ibrahim shi ne Gwamnan Jihar Arewa har zuwa juyin mulkin farko, ya rasu a 1990. Akenzua na Biyu Sarkin Benin ne, shi ya gaji Sardauna a kujerar uban jami'a. Norman Alexander mutumin Niyu Zilan ne, shugaban jami'ar na farko, wanda ya miƙa wa Ishaya Audu a 1966. Mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙasa ta yi masa iyakar girmamawa, a kafa sunansa a jikin gini, bayan shekara hamsin sunan ya koma kwatancen hanya. Idan manyan ke nan, ni da kai da ba za a sa wa ko kwalbati sunanmu ba, a ina za mu tsaya?

Kada a ce kwalejin Samaru ce kaɗai ta yi gajeren kwana. A cikin garin nan akwai wadda ta fi kowace suna a Arewa, ita ma sau nawa ta mutu ta tashi. A Katsina aka kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, ginin ƙasa, don horar da malamai. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 aka kawo ta Zariya, aka kira ta sakandaren gwamnati, aka kira ta kwalejin gwamnati, sai a 1971 ta samu sunan Barewa. Gari uku, suna biyar. Ginin farko na Katsina, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka zauna gaban malamai irin su Bello Kagara, yanzu gidan tarihi ne, ana shiga a yi kallo a fito. Haka tsohuwar Midil ta Zariya ta zama Alhudahuda, haka St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970. Tsoho ya ce maka ga makarantar da ya yi, ka duba duk Zazzau ba ka ga mai wannan suna ba, alhali kullum ta ƙofarta kake wucewa.

Ana yawan yi wa Barewa kirari da shugabannin ƙasa da ta yaye, kuma ta cancanta. Ni dai idan an jero sunayen, shekarunsu nake ƙirgawa. Tafawa Ɓalewa yana da 53 aka kashe shi. Murtala yana da 37, wata shida da 'yan kwanaki ya yi a kan mulki, ran 13 ga Fabrairu, 1976, aka tare shi a titin Legas da safe yana hanyar ofis. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya bi ta Barewa, ya yi digirinsa a nan Samaru, ya koyar a Zariya kafin siyasa, ya rasu ran 5 ga Mayu, 2010, yana da 58, yana kan kujerar shugaban ƙasa, duk likitocin da ƙasa za ta iya biya suna tsaye a kansa. Shehu Shagari Allah ya ba shi tsawon rai, ya kai 93, ya rasu a Disambar 2018. Talatin da bakwai da casa'in da uku, a idonmu tazara ce mai yawa. Ka je ka tambayi ɗan casa'in yadda ya ga kwanakin, zai ce maka jiya-jiya aka kai shi makaranta a kan jaki. Kowane ɗalibin Barewa yana da lambarsa ta shiga, lambobin na bin juna tun daga Katsina. Na farko-farkon babu mai amsa su yanzu, kuma kowace shekara shirun yana ƙara hawowa sama.

Ba tsofaffi kaɗai ake ɗauka ba, Samaru ta san wannan. A Afrilun 1978, lokacin zanga-zangar ɗalibai kan ƙarin kuɗin abinci da masauki, harsashin jami'an tsaro ya kashe matasa a garin nan. Ran 23 ga Mayu, 1986, aka sake. Yara ne da iyayensu suka sayar da hatsi da dabba suka turo su, suna jiran ranar da za a sa musu rigar digiri, sai aka mayar musu da akwati da 'yan littattafai. Bayan waɗannan da aka rubuta a tarihi, akwai waɗanda babu mai rubutawa: wanda hanyar Kaduna ko ta Kano ta ci ranar komawa hutu, wadda zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ana saura mako a fara jarrabawa. Duk wanda ya zauna a Samaru ya ga takardar sanarwa manne a jikin bango da hoton yaro yana murmushi.

Tawa makarantar ba ta cikin waɗanda ake yi wa kirari. Sakandaren gwamnati ce ta kwana a wani ƙaramin gari, ba ta yaye shugaban ƙasa ba, ta yaye malaman firamare da akawuna da malaman gona da 'yan kasuwa. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen layin dogo ne rataye a jikin dogonyaro. Shi ke tashin mu da asuba, shi ke kai mu aji, shi ke kai mu ɗakin cin abinci, shi ke kashe fitila. Daga baya aka mayar da ita ta jeka-ka-dawo, aka haɗa ta da wata, aka canza mata suna. Da na koma bayan shekaru, ɗakin kwananmu ba rufi, gamba ta fito a inda gadona yake, filin ƙwallo an yanka shi fuloti. Itacen yana nan, har da wayar da aka ɗaure ƙarfen da ita, ta nutse cikin ɓawo. Na tsaya ina jin muryoyi a kunnena, na rasa wanda zan ce wa "ka tuna?", domin duk wanda ke wurin ba a haife shi ba a lokacin.

Da na yi tunani, babu inda aka koya mana ƙarewar abu kamar makaranta, mu ne ba mu ɗauki darasin ba. Kowace safiya ana kiran suna, wanda yake nan ya amsa, wanda ba ya nan a ja masa alama. Kowane darasi yana da mintocinsa, in an buga ƙarfe malam ya ajiye alli ko bai kai aya ba. A ɗakin jarrabawa an gaya maka lokacin tun farko, amma sai an ce a ajiye biro kake tuna amsar da ta fi kowace. Kowace shekara aji ɗaya ya fita, na bayansa ya matsa ya zauna a kujerunsa, ya tarar da sunayen da aka sassaƙa a jikin tebur, ya ƙara nasa a gefe. Bambanci ɗaya ne, kuma shi ne mai nauyin: a makaranta an manna jadawali a bango, kowa ya san ranar fitarsa.

Yanzu mu tsofaffin ɗalibai muna da zaure a WhatsApp. Da aka buɗe shi, hotunan ɗaurin aure da na ƙarin girma suka fi yawa. A 'yan shekarun nan sanarwar rasuwa ta rinjaya. Sai ka ga an rubuta addu'a layi-layi, mutum ashirin, talatin, kafin azahar an koma gardamar siyasa. Ban raina addu'a ba, Allah ya karɓa. Abin da ke damuna shi ne mamacin nan ya yi wata takwas a kwance, mun sani, kuma daga gidajenmu zuwa nasa bai kai kuɗin mota na kwana ɗaya ba. Mutum nawa suka je? Ina cikin waɗanda suka ce sai an ga wata, sai an yi albashi, sai hanya ta yi kyau. Haka kuma idan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suka tashi yin abin alheri, sau da yawa ƙofar makaranta ake yi wa fenti a kafa allo mai sunayen waɗanda suka ba da kuɗi. Gyaran makaranta abu ne mai kyau, a yi. Amma mun riga mun ga abin da ke samun allo. Malamin da ya koya mana haɗa baƙi da lissafi yana can a lungu yana jiran fanshon da ba ya isar sa magani, marayun ɗan ajinmu an koro su saboda kuɗin jarrabawa, waɗannan ba su da bangon da za a manna suna, shi ya sa ba a rububin su.

Malamanmu na zaure sun sha karanta mana cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa in ban da 'yan abubuwa, cikinsu har da ilmin da ake amfana da shi. Ban taɓa ganin misalin wannan a fili kamar a Samaru ba. Cibiyar binciken aikin gona da ke garin nan ta fi shekara ɗari tana fitar da iri, kuma sunayen irin da harufan garin suke farawa: SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. Iri ɗaya yakan ci shekaru ana auratayya da zaɓe da gwaji kafin a sake shi, wani ma'aikacin ya fara, ya yi ritaya ko ya rasu, wani ya ƙarasa. Manomi a ƙasar Katsina ko Zamfara ya shuka, ya girbe, ya ciyar da iyalinsa, bai san sunan wanda ya sunkuya cikin rana yana ƙirga ganye ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Kwalejin nan da ta ɓace haka take. Wanda ta koyar ya koyar da wani, wannan ya zana gadar da kake hawa, ya tsara asibitin da aka haifi ɗanka. Sunan ya tafi, hatsin yana rumbu.

Kwana biyu bayan jana'izar na shirya na tafi Hayin Dogo, gidan wani malaminmu da ya koyar da mu lissafi, wanda na shekara ina cewa zan je. Na same shi a zaure kan buzu, ido ya tafi, kunne da sauransa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗaya daga cikin yaranka ne." Ya tambayi shekarar da muka fita, na faɗa. Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya fara jero sunayen ajinmu, bi da bi kamar yadda suke a rajista, ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. In ya kira suna sai ya dakata. Na ce wannan yana Kano, ya yi ritaya. Ya kira na gaba, na ce ya rasu, shekara shida ke nan. Ya ce Allah ya jiƙansa, yaro ne mai tsabtar rubutu. Na gaba, na ce yana Legas, mun daɗe ba mu ji daga gare shi ba. Na gaba, ya rasu. Na gaba, ya rasu, haɗarin mota. Ya kira wanda muka rufe shekaranjiya, na gaya masa, ya sa gefen rawani ya share fuska, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya gyara zama ya kira sunana da na mahaifina, da irin muryar da yake kira da ita da ƙarfe takwas na safe.

Na ce, "Ga ni, Malam."

Ya ce, "To, madalla." Ya wuce zuwa suna na gaba.